Kwalba shida, kaka ɗaya: wane jan ruwan inabin Bordo na 2016 za ka saya?

Kawuna ne ya jawo mini wannan aiki. Zai aurar da 'yarsa a Jos, yana kuma so idan an taso daga coci an zauna cin abinci, a ga jan ruwan inabi na kirki a teburin surukai. Ya je wani shago a Abuja, mai shagon ya rantse masa cewa kakar 2016 ta Bordo ba ta da ta biyu, ya jera masa kwalabe duk na shekarar, amma kuɗin wata ya ninka na wata har sau takwas. Sai ya bugo mini waya, tunda a birnin Bordo na Faransa nake aiki a wani gidan cin abinci. "Kai ɗana, kai ne a bakin rijiya. Shekara ɗaya, gari ɗaya, me ya raba kuɗinsu haka?" Na ce, "Kawu, ku karanto mini abin da ke jikin kowace kwalba, ku ba ni mako guda."

Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa shan wannan abu, addini ya hana, ni ma ba gayyata nake yi ba. Maganar ta irin su kawu ce, da 'yan'uwanmu masu aikin otal da ake damƙa wa kuɗi a ce su sayo, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu bambanci.

Yankuna shida ya karanto mini. Zan bar sunayen yadda suke a jikin kwalba don mai saye ya gane su, har da Bordo ɗin kanta da ake rubutawa Bordeaux: Bordeaux Supérieur, Castillon, Saint-Émilion Grand Cru, Haut-Médoc, Pessac-Léognan, da Pauillac. Na nemo kwalba ɗaya daga kowane yanki, duk 2016, na tara mutum bakwai a ɗakina ranar da ba mu aiki, har da uwar ɗakina mai kula da rumbun gidan abincinmu, wadda ta fi shekara ashirin a wannan sana'a.

Dole ne a rufe kwalba, domin ido yakan riga harshe yanke hukunci. A 2001 wasu masu bincike a Faransa, cikinsu akwai Frédéric Brochet, sun rina farin ruwan inabi ya koma ja da rini marar wari, suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni a jami'ar Bordo. Ɗaliban suka yi ta siffanta ƙamshinsa da kalmomin da ake siffanta ja. Idan launi kaɗai ya yi wa ɗalibai haka, ina ga babban suna da rubutun zinariya a jikin takarda?

Riƙe shekara ɗaya kuma yana da dalilinsa. Shekarar da ke jikin kwalba ita ce kakar da aka tsinke inabin, kowace kaka kuwa da irin ruwan samanta da ranarta. In ka haɗa 2013 da 2016 a tebur ɗaya, ba gonaki kake gwadawa ba, damina kake gwadawa, don 2013 shekarar wahala ce a Bordo, ruwa da ƙanƙara sun ɓata ta. Shahararren ɗanɗanon da ɗan kasuwar Ingila Steven Spurrier ya shirya a Paris ranar 24 ga Mayu 1976 ma ya sha wannan suka. Alƙalai Faransawa sun ɗanɗana a rufe, ja na Stag's Leap Wine Cellars daga Kalifoniya ya zo na ɗaya, ya sha gaban manyan gonakin Bordo, Mouton-Rothschild da Haut-Brion. Amma na Amurkan na 1973 ne, waɗancan biyun na 1970, aka yi ta gardama cewa na Faransa ba su kai lokacinsu ba tukuna. Da aka maimaita a 2006, na Kalifoniya ne suka kwashe matsayi biyar na farko, sai dai wannan wani labari ne. Ni dai ba na son kawu ya sami ƙofar gardama irin tasu.

Ita 2016 ɗin, ga yadda ta zo. Daga Janairu zuwa Yuni ruwa ya yi ta zuba har manoma suka fara cire rai. Daga ƙarshen Yuni sama ta ɗauke, aka shiga fari, sai ranar 13 ga Satumba ruwa ya sauko daidai lokacin da itatuwan ke neman galabaita. Bayan haka rana ta dawo, dare kuma da sanyi, aka yi tsinka cikin natsuwa har tsakiyar Oktoba. Sanyin daren nan ne ya riƙe wa inabin tsaminsa, ranar kuma ta nunar da bawonsa. Amfani ya yi kyau ya kuma yi yawa. Shekarar da ta biyo baya sanyi mai daskarewa ya faɗo a ƙarshen Afrilu ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin yankin. Saboda haka mai shagon Abuja bai yi ƙarya ba. Bai dai faɗi duka ba.

Ga yadda muka yi. Na yanke gwangwanin da ke wuyan kowace kwalba gaba ɗaya, na cire matoshi na ɓoye a aljihun tebur, saboda sunan gona yana jikinsa. Na zura kowace a cikin safa baƙa, na ɗaure a wuya da roba, na fita. Wani abokin aikina ya shiga ya juya su, ya manna lamba ɗaya zuwa shida. Ta haka ni da na rufe ban san lamba ba, shi da ya sa lamba bai san abin da ke ciki ba. Sa'ar da muka ci ita ce kwalaben Bordo duk siffarsu ɗaya, masu kafaɗa a tsaye. Kofuna iri ɗaya, a zuba kamar santilita 5, ga burodi da ruwa, ga bokitin tofarwa a tsakiya, don wanda ya haɗiye kofi shida ba zai san na shidan ba. Uwar ɗakina ta kafa doka biyu: ba turare, ba magana sai kowa ya gama rubutu. Ni kuma na ƙara ta uku a raina, ba goro tun safe.

Na ambaci goro da gangan, don shi ne mabuɗin fahimtar jan ruwan inabi ga Bahaushe. Baurin nan da ke kama dasashi ya bushe harshe idan ka tauna goro, ko ka ciji ɗanyar kanya, ko shayi ya daɗe a wuta, shi ne abin da masu sana'a ke kira tanin. Dangin abin da ke cikin bagaruwa ne, wanda majema ke jeme fata da shi. A ruwan inabi yana fitowa ne daga bawo da ƙwaya, da kuma gangar katako mai lita 225 da ake ajiye shi a ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ko fiye. Shi ke sa kwalba ta daɗe ba ta lalace ba, shi ne kuma ke sa ta yi wuyar sha tana ƙarama. Duk gardamar da ke tsakanin kwalaben nan shida a kan bauri take.

Tushen bambancin kuwa ƙasa ce. Kogin Garonne da na Dordogne suna haɗuwa su zama Gironde, su faɗa teku. In ka fuskanci teku, hannunka na hagu nan ne Médoc, inda Pauillac da Haut-Médoc suke, Pessac-Léognan kuma tana kudu da birnin a wannan gefen. Ƙasar tsakuwa ce, wani ɓangarenta ma fadama ce har sai da injiniyoyin Holan suka janye ruwan a ƙarni na 17. Tsakuwa tana riƙe zafi, ba ta riƙe ruwa, sai ta dace da inabin Cabernet Sauvignon mai ƙananan 'ya'ya da kaurin bawo, mai jinkirin nuna, mai yawan bauri. Gaɓar dama, wato Saint-Émilion da Pomerol da Castillon, yumɓu ne da dutsen farar ƙasa, masu sanyi da riƙe laima. Can inabin Merlot ke sarauta, mai saurin nuna, mai laushi a baki, mai yawan zaƙi a itace wanda ke komawa barasa. Kusan kashi biyu cikin uku na jan inabin Bordo duka Merlot ne, don haka kwalba mai araha da ba ta faɗi irin inabinta ba, galibi shi ne a ciki.

Lamba biyu ta fita daga gasa tun kafin a kai baki. Warin tabarmar da ruwa ya jiƙa aka naɗe aka jingine a lungu, shi ya tashi daga kofin. Uwar ɗakina ta ɗaga kai ta ce matoshi ne. Wani sinadari ne da ake kira TCA, yakan kama bawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ba ruwansa da tsada ko araha. Pessac-Léognan ce. Shagon ya canza mini washegari, sabuwar ta zo da ɗan ƙamshin hayaƙi da na ƙasa bayan ruwan farko, tsakanin laushi da bauri, amma tunda na sha ta ina kallon sunanta, ba zan sa ta a lissafi ba.

Lamba biyar ba ta ɓata wa kowa rai ba, ba ta kuma tsayar da kowa ba. Launi kamar zoɓo marar kauri, ɗan tsami, ɗanɗano ya ɓace kafin ka ƙirga biyar. Na kuma ji alamar cewa ta fara gajiya. Bordeaux Supérieur ce, mafi araha. Irin wannan ana yin ta ne don a sha cikin 'yan shekaru, kyan kaka ba ya mai da ita abin ajiya. Da ta shekarar baya-bayan nan ce da ta fi daɗi.

Inda aka yi dambe shi ne tsakanin lamba ɗaya, uku, huɗu da shida.

Lamba uku ta buɗe hannu tun daga ƙofa. Ƙamshin ɗinya nunanniya, da wani abu kamar cakulan da fanila daga sabuwar ganga. A baki ta cika ko'ina, baurinta kamar an lulluɓe shi da auduga, sai ɗan ɗumi a maƙogwaro bayan an tofar. Mutum huɗu cikin bakwai suka sa ta a gaba a zagayen farko. Saint-Émilion Grand Cru ce, barasarta kashi 14.5 cikin 100 a jikin takarda, ɗumin nan ke nan. A nan akwai tarko da ya kamata mai saye ya sani. Kalmar Grand Cru a Saint-Émilion ba sarauta ba ce, sunan rukuni ne da ɗaruruwan gonaki ke amfani da shi idan sun cika wasu sharuɗɗa. Sarautar sai an ƙara kalmar Classé. Jerin masu ita an fara shi a 1955, ana sabunta shi kusan kowace shekara goma, na 2022 gonaki 85 ne kacal a ciki. Masu shago da yawa suna sayar da ta farkon da kuɗin ta biyun, mai saye yana murna ya sami babban kaya.

Lamba shida ta yi kama da ƙanwar lamba uku. Ƙamshi ɗaya ne amma ba kwalliyar katako, tsaminta ya fi fitowa, jikinta bai kai nauyin waccan ba, tana barin baki a wanke. Mutum biyu suka sa ta a gaba, ba kuma wanda ya sa ta ƙasa da matsayi na uku. Da aka cire safa sai ga Castillon, wadda kuɗinta bai kai rabin na lamba uku ba. Ba abin mamaki ba ne in ka dubi taswira: tudun farar ƙasan da Saint-Émilion ke kai shi ne ya miƙe gabas ya shiga Castillon, iyaka ce kawai ta hukuma ta raba su. Garin da aka yi yaƙin 1453 ke nan, wanda ya raba Ingila da mulkin Bordo bayan shekara ɗari uku. A farin 2016 irin wannan ƙasa mai riƙe laima ta yi wa itatuwa rana sosai.

Sai lamba ɗaya, wadda ta kunyata ni. Launinta ya fi na kowa duhu, kusan baƙi. Na kai hanci, shiru, kamar ka yi sallama a gidan da aka rufe da sakata. Da ƙyar na jiyo ƙamshin fensir da aka feƙe, da na wani baƙin ɗan itace da Faransawa ke kira kasis. A baki kuwa ta damƙe mini dasashi kamar na tauna goro biyu a jere. Na rubuta "mai kaushi, ƙila mai araha ce," na sa ta ta huɗu cikin biyar. Uwar ɗakina kaɗai ta sa ta a gaba. Da aka buɗe baki ta ce mini, "Yaro, ka ƙirga daƙiƙa nawa ɗanɗanon ya zauna bayan ka tofar?" Ban ƙirga ba. Na koma na gwada, ya wuce rabin minti yana nan. Pauillac ce, mafi tsada, daga mataki na biyar na jerin darajar gonaki na 1855, wanda dillalan Bordo suka tsara lokacin baje kolin Paris a zamanin Napoleon na Uku. Wannan ƙaramin yanki shi ke da uku daga cikin gonaki biyar na matakin farko: Lafite, Latour da Mouton, wadda sai a 1973 aka ɗaga ta. Masu sana'a sun haɗu a kan cewa a 2016 arewacin Médoc ne ya fi kowa cin riba, don Cabernet ya sami doguwar kakar da yake so.

To amma cin riba a gona daban, daɗi a kofi yau daban. Muka bar kwalaben a buɗe muka shiga girki. Bayan awa uku muka sake zagayawa, wannan karon da gasasshen naman rago, gishiri kawai. Lamba ɗaya ta zama wata aba dabam. Iska ta buɗe ƙamshinta, kitsen naman ya kwance baurin, sai ga zaƙin 'ya'yan itacen da ya ɓuya ya fito. Lamba uku kuma, wadda ta burge da farko, ta fara gundura, kofi na biyu ya yi nauyi. Ba banza ba mutanen Pauillac suka shahara da naman ɗan rago.

Lamba huɗu ta bi sahun lamba ɗaya daga nesa: fensir ɗin yana nan, da ɗan warin ɗanyen tattasai, bauri matsakaici wanda ya sauka cikin awa ɗaya. Haut-Médoc ce mai tambarin Cru Bourgeois, rukunin gonakin Médoc da ba su shiga jerin 1855 ba. Ga wanda yake so ya san halin gaɓar hagu ba tare da ya sayar da akuya ba, ita ce ƙofa.

Gwajin ƙarshe nawa ne, don teburin kawu ba na Faransawa ba ne. Na gasa tsire da yajin da aka aiko mini daga gida, mai barkono da citta da ƙuli-ƙuli. Nan lissafi ya juye. Barkono yana ƙara wa barasa zafi, yana kuma fito da ɗacin bauri. Pauillac ta koma kamar ruwan maɗaci, kuɗi sun tafi a banza. Saint-Émilion ta kunna wuta a maƙogwaro. Haut-Médoc ta yi ta maza amma ta sha kashi. Castillon ce ta tsaya, musamman da na sa ta a firji minti ashirin, tsaminta yana wanke man ƙuli-ƙulin. Har lamba biyar da muka raina ta fi Pauillac daɗi da tsire, abin da ya sa uwar ɗakina ta yi dariya har da hawaye, ko da yake barkonon ma ya taimaka.

Akwai abin da ɗanɗano a Bordo ba zai nuna ba, shi ne hanyar da kwalba ta bi kafin ta iso Abuja. Ruwan inabi yana son sanyin digiri 12 zuwa 14, a kwance, cikin duhu. Kwantena da ta yi makonni a rana a tashar jirgin ruwa, da shagon da ke kashe na'urar sanyi idan an ɗauke wuta, suna iya dafa shi a cikin kwalba. Ka duba wuya: in matoshi ya turo gwangwani sama, ko akwai busasshen jan danƙo a gefe, ko ruwan ya sauka ƙasa da wuya, ka ajiye ta komai sunanta. Kwalbar da ta yi shekaru a tsaye a kan kanta tana kallon titi, tsufanta ya ninka shekarunta. Ga kuma jabu. A Disamba 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame wata kasuwa a Aba ta tarar ana ɗura kayan sha na bogi a kwalaben kamfanoni, har da ruwan inabi. Mai yin jabu babban suna yake bi, ba ya ɓata lokacinsa a kan Castillon. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni taka tsantsan da kwalba mai tsada da aka yi wa ragi mai yawa.

Saboda haka zaɓin ya danganta da ranar buɗewa da abin da ke cikin faranti. Taro mai yawa, abinci mai yaji, a sha yau: Castillon, ko 'yan'uwanta na gaɓar dama masu Merlot da barasar da ba ta wuce kashi 14 ba. Kyauta ga wanda ba ka san bakinsa ba, wanda zai buɗe a daren ya sha ba tare da jira ba: Saint-Émilion, amma kada ka biya kuɗin Classé in kalmar ba ta jiki. Nama gasasshe marar barkono da mutum huɗu masu haƙuri: Haut-Médoc in aljihu bai yi nauyi ba, Pauillac in da hali, a juye ta a tulun gilashi awa biyu ko uku kafin a zauna. Sayen Pauillac don ajiya kuwa, sai in kana da firjin ruwan inabi da wutar da ba ta yankewa. In babu, shekara goma da za ta gyara ta a rumbun ƙasa na Bordo ita za ta kashe ta a kabad ɗin falo.

Na kira kawu na zayyana masa. Ya tambayi kwalba nawa, na ce kowace kwalba santilita 75 ce, tana ba da kofi shida, ya ƙirga baƙinsa. Na roƙe shi ya sayi ɗaya tukuna ya buɗe a gida kafin ya ɗauki katan, ya kuma sa su a ruwan sanyi kafin a kai tebur, don digiri 16 zuwa 18 ake so, zafin rumfar biki kuwa ya wuce nan ko a Jos. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ita mai tsadar fa? Uban ango ya san sunaye." Na ce, "Ku sayi biyu ku ba shi a kwali ya tafi da su gida, kada a buɗe su kusa da farfesu." Ya ce zai sayi ɗaya.